Tagar Tsiala

Darakta ya ce, nemo mini gida mai tagar gabas,
a gindin dutse, inda hantsi ke shiga da sanɗa.
Ya faɗa a ofishinsa na Tbilisi yana kurɓar shayi,
kamar mai aiken yaro sayen ashana.

Kwana goma sha tara ni da Gocha direba
muna hawa da gangara a tsaunukan Racha.
Taya ta fashe sau biyu a gaɓar Rioni,
taswira ta jiƙe ta koma tsumma.
Gida arba'in da ɗaya na leƙa:
wannan ya juya wa rana ƙeya,
wancan falwayar lantarki ta tsaya masa a goshi,
wani ya yi daidai, sai dai injin yankan katako na maƙwabci
da bai san Lahadi ba.

Aikina ke nan, auna inuwa da agogo,
ƙirga taku zuwa inda babbar mota za ta juya,
gano inda mutum sittin za su zaga,
da mai karen da zan roƙa ya ɗaure shi.

Na arba'in da biyu na tsohuwa Tsiala ne,
kurangar inabi ta rungume barandarsa.
Ta dube ni daga takalmi har hula, ta ce,
"Mai igiyar awo a hannu bai zo gaisuwa ba."
Na cusa igiyar a aljihu.
Na ci wake a tukunyar ƙasa, da gurasa mai cuku,
na saurari tarihin gwiwarta ta hagu,
sai a kwana na uku na ambaci takarda.

Kuɗi bai dame ta ba. Sharaɗi ɗaya ta gindaya:
moɗar gwangwani da ke kan taga
ta Bidzina ce, wanda ya hau dutse neman maraƙi
shekarar da ƙanƙara ta rufe hanya.
Nan ya ajiye ta. Nan zai same ta.

Sai ayari ya iso.
Wayoyi suka miƙe a tsakar gida kamar macizai masu shan rana,
aka fitar da firjinta, aka shafe shuɗiyar ƙofa da toka,
aka tsufar da bangon da ya girmi kakan mai fenti,
aka yi ruwan sama da mesa, gari garau.
Ni ina can bakin hanya,
ina ba shanu haƙuri,
ina roƙon limamin coci ya jinkirta ƙararrawa minti goma.

Mai tsara ɗaki ta miƙa hannu ga moɗar.
Na ce, yarjejeniya ta hana, duba shafi na bakwai.
Takardar shafi huɗu ce.

Da suka watse, ni na saura,
ina tsintar guntun sigari a gindin inabi,
ina ɓare salatif daga dabe.
Na mayar da firji kan sawunsa huɗu,
na mayar wa ƙofa launinta.

A silima tagar ta yi daƙiƙa shida.
Jaruma na kuka a gabanta, jama'a na kallon hawaye,
ni ina kallon moɗa, hantsi ya cika ta fal.
Sunana ya wuce bayan an kunna fitilu,
tsakanin mai dafa abinci da mai kula da dawaki,
ba kowa sai mai shara, tana jiran in ɗaga ƙafa.

Na buga wa Tsiala waya daga bakin titi,
na ce, gidanki ya shiga duniya.
Ta yi shiru, ina jin kaji a bayanta.
Ta ce, "Shuɗin da ka shafa ba nawa ba ne.
In ƙanƙara ta narke, zo ka gyara."